Hoton Ƙwaƙwalwa Da Rasidin Mai Jinya

Yau muna so mu jawo hankalin Gwamnatin Jihar Zamfara, da shugabannin asibitoci, da akawuna da malaman makaranta masu karanta wannan jarida, bisa wata magana wadda a ido ƙarama ce, amma tana cin gonaki da dabbobi a ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Maganar ita ce 'yar takardar nan da a ke miƙa wa mai jinya bayan ya biya kuɗin hoton ƙwaƙwalwa. Sau da yawa abin da ke jikinta bai wuce kalma ɗaya ko biyu da jimlar kuɗi ba. Ba ta faɗi wane irin hoto aka ɗauka ba, ba ta faɗi ciwon da ya sa aka ɗauka ba, ba ta kuwa nuna ko kuɗin sun haɗa da ladan likitan da zai karanta hoton. A ganinmu, ya kamata kowane irin hoton ƙwaƙwalwa ya zama yana da lambarsa sananniya da farashinsa sananne, a rubuta su duka biyu a rasidi, a kuma manna jadawalinsu da Hausa inda kowa zai gani.

Kafin mu shiga zancen lamba, ya kyautu mu bayyana hoton kansa, domin da yawa cikin jama'a sun ɗauka hoton asibiti duk ɗaya ne. Hoton ƙashi wanda kowa ya sani, watau eksire, wani Bajamushe mai suna Röntgen ne ya gano haskensa a 1895. Yana nuna karaya sarai. Amma ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, ƙashi ya rufe ta ta ko'ina, saboda haka aka yi shekara fiye da 70 likitoci ba su da hanya mai sauƙi ta ganin abin da ke ciki. Sai ranar 1 ga Oktoba 1971, a asibitin Atkinson Morley na birnin Landan, aka ɗauki hoton kan wata mata da sabuwar na'ura wadda wani injiniya, Godfrey Hounsfield, ya ƙera, aka ga ƙullutun da ke cikin ƙwaƙwalwarta ba tare da an fasa kai ba. Wannan na'ura ita ce likitoci ke kira CT. Tana kewaya kai da hasken eksire, kwamfuta ta fitar da hoton falle-falle, kamar yadda a ke yanka albasa. A 1979 aka ba Hounsfield da Allan Cormack kyautar Nobel saboda wannan aiki. A Nijeriya kuwa, Asibitin Koyarwa na Ibadan ne ya fara kafa ta, a 1987.

Ta biyu ita ce MRI, wadda za mu kira hoton maganaɗisu, domin da babban maganaɗisu da igiyar rediyo ta ke aiki, ba ruwanta da hasken eksire. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila sun sami kyautar Nobel a kanta a 2003. Kowace na'ura da inda ta fi ƙarfi. CT cikin 'yan mintoci ta ke gamawa, ita ce kuma a ke fara nema in ana tsoron zubar jini cikin kai ko fashewar ƙashi. Hoton maganaɗisu ya fi nuna naman ƙwaƙwalwa dalla-dalla, amma ya fi tsada, ya kan ɗauki rabin awa ko fiye, kuma mai ɓarɓashin ƙarfe ko harsashi a jiki ba a sa shi ciki sai an yi bincike tukuna. Bugu da ƙari, kowannensu iri uku ne. Akwai wanda a ke ɗauka haka nan, akwai wanda a ke ɗauka bayan an zuba wani ruwan rini ta jijiya don ya haska ƙari ko kumburi, akwai kuma wanda a ke ɗauka sau biyu, kafin rini da bayansa. Rinin nan kuɗi ne, sau da yawa kuma sai an gwada lafiyar ƙoda kafin a zuba shi. Sa'an nan ga na jarirai, waɗanda maɗigarsu ba ta rufe ba: ana iya leƙa ƙwaƙwalwarsu ta maɗiga da na'urar sikanin irin wadda a ke duba masu ciki da ita. To, ku lissafa. Kalmar "hoton kai" ɗaya ce a baki, amma ga ayyuka bakwai a ƙarƙashinta, kowanne da wahalarsa da kuɗinsa.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wani zai ce wannan ai zancen mutanen birni ne. A'a, ya shafi arewacin Zamfara ƙwarai, bisa dalilai uku. Na farko shi ne hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki wadda ke biyo bayansa. Shanyewar nan iri biyu ce: ko jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe, ko ta fashe. A ido kamanninsu ɗaya, amma maganinsu kishiyoyin juna ne, domin maganin da ke tsinka jini yana taimakon mai toshewa, yana kuwa iya halaka mai fashewa. Babu abin da ke rarrabe su da tabbaci sai hoto, kuma allurar narkar da gudan jini, inda a ke da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko a kan ba da ita. Na biyu shi ne raunin kai, na haɗarin babur da mota, da na bala'in 'yan bindiga wanda ya addabi ƙauyukanmu shekara da shekaru. Na uku kuwa ciwon yara. A ƙarshen 2016, daga ƙasar Zurmi annobar sanƙarau ta taso, kafin tsakiyar 2017 an ƙidaya mutum fiye da 14,000 da a ke zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 1,100 kuma suka rasu. Sanƙarau da gwajin ruwan ƙashin baya a ke gane shi, amma cikin yaran da suka tashi akwai waɗanda ruwa ke taruwa musu a kai daga baya, su kuwa sai da hoto.

Manyan na'urorin nan a manyan asibitocin birane a ke samunsu. Mutumin Zurmi ko na Shinkafi da ya nufi Gusau sai ya biyo ta Ƙaura, daga Ƙaura kuma akwai kusan kilomita 60. In bai dace a Gusau ba, ko kuwa ciwon na buƙatar a yi aiki a kai, sai Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda a ke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Gusau, ko kuwa Shika ta Zariya, ko Kano. Mutumin da ya sayar da ɗan bijiminsa, ya ɗauki hayar mota, ya bi wannan hanya mai haɗari da mahaifinsa kwance, in ya isa aka ce masa mai rini a ke so, kuɗin da ya zo da su ba su kai ba, ina zai koma ya ƙaro? Da takardar da aka ba shi daga gida ta faɗi ainihin hoton da a ke nema, da kuma akwai jadawalin da zai duba farashi tun bai tashi ba, da ya san abin da zai riƙo.

LAMBOBI UKU

A duniyar asibiti ta yau, lambobi uku ne ke tafiya da kowane aiki mai tsada, ya kamata kuma kowane akawu ya san su.

Ta farko ita ce lambar ciwo. Asalinta wani jadawali ne na musabbabin mutuwa wanda wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya tsara, aka karɓa a 1893. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyinsa. An amince da bugu na 10 a 1990, bugu na 11 kuwa ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022. A bugu na 10, wanda ma'aikatan ajiyar katin asibiti suka daɗe da sabawa da shi, I63 na nufin toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, I61 zubar jini cikin ƙwaƙwalwa, I64 kuwa shanyewar da ba a tantance ko wace iri ce ba. S06 rauni ne cikin kai, G40 farfaɗiya, G91 taruwar ruwa a kai, A39.0 sanƙarau irin na annoba, B50.0 zazzaɓin cizon sauro wanda ya taɓa ƙwaƙwalwa. Likita a Shinkafi ya rubuta I61, likita a Makka ko Alƙahira ya gani ya gane, ko da ba su jin harshen juna.

Ta biyu ita ce lambar aiki. Wadda ta fi shahara ita ce ta Ƙungiyar Likitocin Amurka, a littafinta mai suna CPT, wanda ta fara bugawa a 1966. A cikinsa 70450 shi ne CT na kai ba rini, 70460 da rini, 70470 kafin rini da bayansa. Hoton maganaɗisu na ƙwaƙwalwa kuwa 70551 ne ba rini, 70552 da rini, 70553 duka biyu. Na maɗigar jariri 76506. Akwai kuma wata dabara tasu wadda ta cancanci a lura da ita. Sun raba kuɗin hoto kashi biyu, kuɗin na'ura da mai sarrafa ta, da ladan likitan da ya karanta ya rubuta bayani. In kuɗin na'ura kaɗai a ke nema sai a ƙara TC a bayan lamba, in ladan karatu kaɗai ne sai a ƙara 26. Wannan rabo yana da amfani gare mu, domin likitocin karanta hoto kaɗan ne a ƙasar nan, kuma ba sabon abu ba ne mutum ya biya kuɗin hoto, a miƙo masa faifai ko falle, sa'an nan ya tarar karantawa wani kuɗi ne dabam.

Ta uku ita ce lambar izini. A tsarin inshorar lafiya, in ƙaramin asibiti zai tura mutum babba don aiki mai tsada, sai an nemi amincewar mai biya, ko hukuma ce ko kamfanin da ke wakiltarta, shi kuma ya ba da wata lamba wadda ke nuna ya yarda zai biya.

Yadda su ke aiki tare kuwa ba wuya. Akawun mai biya ya kan ɗora lambar ciwo kusa da lambar aiki, ya ga ko sun dace. In ya ga S06 da 70450, ya san an bugu a kai aka ɗauki hoton kai, sai ya biya. In ya ga ciwon gwiwa da hoton ƙwaƙwalwa mai rini, sai ya tsaya ya yi tambaya.

BA BAƘON ABU BA NE

Kada kowa ya ɗauka wannan wata sabuwar bidi'a ce ta Turawa wadda ta fi ƙarfinmu. Tsofaffin akawunan En'e, tun zamanin da ƙasar nan ke ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, har gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976, sun san ba a fitar da ko sisin kwabo daga Baitulmali sai an rubuta babin da ya shiga a littafin kasafi. Rasidin haraji da na jangali kowanne da lambarsa da kututturensa da ke saura a ofis, wannan lamba kuwa ita ce garkuwar talaka in wani ya zo ya ce bai biya ba. Haka kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, manomi ya san audugarsa lamba ɗaya ce ko lamba biyu, ya san kowace da kuɗinta, in malamin awo ya rage masa daraja yana da bakin magana. To, in buhun auduga ya cancanci lamba da farashi a bayyane, ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi cancanta. Addininmu ma ya riga kowa, da ya hore mu da cika mudu, da rubuta ma'amala, aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani kuwa a kan rubuta bashi ta sauka.

WA KE BIYA

An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005. A ƙa'idojin hukumar na 2012, an sa CT da hoton maganaɗisu cikin ayyukan da inshora ke biyan rabin kuɗinsu, mai jinya ya biya rabi. A watan Mayu 2022 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbin ta 1999, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don masu rauni. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don lafiya a matakin farko. Jihar Zamfara ita ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, ZAMCHEMA. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane ya ke fitowa kai tsaye. Watau mafi yawan masu biyan kuɗin hoto ba su da wani akawu a bayansu mai duba musu lissafi. Rasidin da ke hannunsu shi ne kaɗai shaidarsu.

Mu kawo misali, ba farashin wani asibiti mu ke faɗa ba, lissafi ne irin na aji. A ce hoto ba rini naira 100 ne, mai rini kuwa naira 150. Malamin makaranta wanda a ke biya masa rabi zai ba da 50 a na farko, 75 a na biyu. In an ɗauki marar rini aka caje shi kuɗin mai rini, ko da kuskure ne, ya yi asarar 25, asusun da a ke cirewa daga albashin ma'aikata shi ma ya yi asarar 25. In rasidi "hoton kai" kurum ya ce, babu mai iya gano wannan har abada. In kuwa ya ɗauki lamba, ko yaro ɗan aji shida zai iya ɗora shi kan jadawali ya ga inda aka karkace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lambar nan kuma kariya ce ga ma'aikacin kirki, domin ranar da aka zarge shi da cin kuɗi, takarda za ta wanke shi.

Akwai kuma amfani na biyu wanda ya fi na kuɗi. Lamba ana iya ƙidaya ta. In kowace takardar tura marar lafiya daga Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Birnin Magaji tana ɗauke da lambar ciwo da ta aikin da a ke nema, a ƙarshen shekara Ma'aikatar Lafiya za ta iya cewa mutum kaza aka tura don hoton kai, kaza suka isa, kaza aka ɗauka. Da irin wannan ƙidaya a ke zuwa gaban majalisa a nemi na'ura, ko motar ɗaukar marasa lafiya, ko likita. Yawan I64 a littafin asibiti shi kansa shaida ce, don yana nuna yawan waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye aka yi musu magani cikin duhu, ba a san toshewa ce ko fashewa ba.

MASU SUKA

Mun san akwai masu cewa, a ƙasar da yara ke fama da tamowa, har sai da ƙungiyar likitocin nan Na-Gari-Na-Kowa ta shigo asibitocin Shinkafi da Zurmi tana taimako, a ƙasar da manomi ba ya iya zuwa gonarsa, zancen lambar rasidi ai abin dariya ne. Muna girmama wannan ra'ayi, kuma ba mu ce lamba ta fi abinci ko tsaro ba. Amsarmu ita ce, inda kuɗi suka yi ƙaranci nan ne lissafi ya fi wajaba. Mai rumbu goma yana iya yin sakaci da mudu, mai tiya ɗaya ba ya iyawa. Kuma abin da mu ke nema ba ya bukatar kwangila: takarda ce, da allo, da horon 'yan makonni.

Sai dai akwai wurare huɗu da mu ke gargaɗi. Na farko, kada a kwaso tsarin Amurka ɗungurungum. Littafin CPT mallakar ƙungiyarsu ne, sai da lasisi da biyan kuɗi a ke aiki da shi, lambobinsa dubbai ne, asibitocinsu kuwa suna ɗaukar rundunar akawuna don su kaɗai, har da shari'o'in masu rubuta lambar aiki mai tsada a madadin mai araha. Mun kawo nasu ne don a ga yadda a ke rarrabewa. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa tana da jadawalin farashin ayyukanta, a kansa ya kamata jiha ta gina, da 'yan lambobi kaɗan waɗanda kowa zai iya riƙewa.

Na biyu, kada lambar izini ta zama ƙofar da a ke rufe wa mai numfashi sama-sama. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya hana a ƙi ba kowa taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma sa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2025 hukumar inshora ta ƙasa ta umarci kamfanoni su ba da izini cikin awa ɗaya. Amma mu a Zamfara ba mu manta da watan Satumba 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar saboda tsaro. Tsarin da ya dogara ga waya kaɗai, ranar da waya ta ɗauke ya mutu. Dole a rubuta a fili cewa mai rauni a kai da mai shanyewar jiki a ɗauke su hoto tukuna, izini ya biyo baya.

Na uku, sanin lamba ba likitanci ba ne. Ba kowane ciwon kai ke bukatar hoto ba, mafi yawansu ma ba sa bukata, kuma hasken CT ba abin wasa ba ne, musamman ga yara. Kada wani ya karanta wannan shafi ya je ya tsaya wa likita a kai yana cewa a yi masa 70553. Likita ke zaɓen hoto, aikin akawu ya rubuta abin da aka yi daidai, aikin mai jinya ya duba an rubuta.

Na huɗu, lamba amana ce. G40 a takarda na nufin farfaɗiya, mun kuwa san yadda wannan kalma ke ɓata auren yarinya a garuruwanmu in ta fita. Dokar 2014 ta wajabta rufe asirin marar lafiya. Saboda haka lambar aiki da farashi su ne na allo, lambar ciwo kuwa tsakanin likita da akawu da mai ita. Akawun da ya kai ta majalisar shayi ya ci amana, ya kamata a hukunta shi.

ABIN DA MU KE ROƘO

Ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ZAMCHEMA, muna roƙon a fitar da jadawali guda, shafi ɗaya tak, mai ɗauke da ire-iren hoton ƙwaƙwalwa, da lambar kowanne, da farashinsa a asibitocin gwamnati, da abin da inshora ke biya, da abin da ya rage wa mai jinya. A nuna a fili ko kuɗin rini da gwajin ƙoda da ladan karatu suna ciki. A buga shi da Hausa, boko da ajami, a sa masa kwanan wata, a sabunta shi duk lokacin da farashi ya sauya. A manna shi a manyan asibitocin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, watau inda tafiya ke farawa, domin wanda ya riga ya isa Gusau sanin farashi ya zo masa a makare.

Ga shugabannin asibitoci, muna roƙon kada takardar turawa ta fita sai da lambar ciwo, da irin hoton da a ke nema, da sunan asibitin da aka tabbatar na'urarsa na aiki a wannan rana. Kada kuma a karɓi kuɗin hoto sai da rasidi mai lambar aiki, mai kututture a ofis. A kuma horar da ma'aikata duba maɗigar jarirai da na'urar sikanin inda a ke da ita, don a rage wa iyaye mata tafiya.

Ga makarantunmu, akwai Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, akwai Kwalejin Ilmi ta Maru. Babu abin da zai hana su haɗa kai su shirya ɗan gajeren kwas na akawunan asibiti, su kuma sa karatun rasidi da takardar asibiti cikin darasin lissafi da na kiwon lafiya. Mu da mu ke aikin ilmi mun san yaro ya fi riƙe kashi cikin ɗari in an koya masa da takardar da ya taɓa gani a hannun ubansa.

Ga ku akawuna da malamai kuwa, ku ne idon unguwa. Wurinku a ke kawo wasiƙa a karanta, wurinku a ke zuwa in takardar asibiti ta gagara. In maƙwabci zai tafi da marar lafiya, ku gaya masa tambayoyi huɗu da zai yi kafin ya biya: wane hoto ne, CT ko na maganaɗisu? Da rini ko ba rini? Kuɗin sun haɗa da karantawa? Yaushe za a ba da bayanin likita a rubuce? Ku gaya masa ya adana rasidi da faifan hoto da bayanin wuri guda, domin in aka sake tura shi wani asibiti kada a sa shi biyan abin da ya riga ya biya. Ku kuma yi tambayar cikin ladabi, don mafi yawan ma'aikatan asibitocinmu mutanen kirki ne masu aiki cikin ƙunci, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Muna fata masu iko za su dubi wannan magana kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa, kuma shafinmu a buɗe ya ke ga duk likita ko akawu ko malamin da ke da gyara ko ƙarin bayani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.